Lamarin maharban Ohio: bishiya ta fi bindiga kai mutum asibiti

Tsakanin 1998 da 2007, wasu manyan asibitoci biyu a tsakiyar jihar Ohio ta Amurka, irin waɗanda ake garzayawa da mutum idan rauni ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sun karɓi mutum 130 da suka jikkata a wurin farauta. Likitocin tiyata na Jami'ar Jihar Ohio da ke birnin Columbus suka bi takardun waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da sakamakon a 2010. Duk wanda aka ce ya yi hasashe, harsashi zai sa a gaba, tunda maganar bindiga ake yi a cikin daji. Amma harbin bindiga bai wuce kashi 29 cikin ɗari ba. Rabin majinyatan faɗowa suka yi, kuma kashi 92 cikin ɗari na masu faɗowar, daga kan dandamalin da suka ɗaura a bishiya suka rikito. In aka ƙirga da kai, kimanin mutum 60 ke nan bishiya ta kayar, kimanin 38 bindiga ta sama.

Raunukan ma ba na wasa ba ne. Kashi 59 cikin ɗari na waɗanda suka faɗo sun karye a ƙashin baya, kusan rabi sun karye a ƙafa, kashi 81 sai da aka shiga da su ɗakin tiyata, wasu kuma suka bar asibiti da lahanin jijiya wanda ba ya warkewa. Sakamakon ya kuma rushe wani zargi da aka daɗe ana yi wa maharban Amurka, wai sai sun yi tatil suke shiga daji. Barasa ta fito ne a kashi 2.3 kacal. Da hankalinsu mutanen nan suka hau, da hankalinsu suka faɗo.

Abin da ya kai maharbi sama

Barewar da ake farauta a can, mai farar wutsiya, ta taɓa ƙarewa ƙarƙaf a Ohio a farkon ƙarni na 20, bayan an sare dazuzzuka an mayar da su gonaki, aka kuma yi ta harbi babu ƙa'ida. Sannu a hankali ta dawo. A 1943 aka sake buɗe farautarta a gundumomi uku, aka kashe guda 168. Zuwa ƙarshen shekarun da likitocin suka duba, abin da ake kashewa a shekara ya haura 200,000. Barewa ta yi yawa, masu bin ta suka yi yawa, kuma yawancinsu ba a ƙasa suke jiranta ba.

Da hanci barewa take tsaron ranta. In iska ta kwaso mata warin mutum, ta tafi ke nan. Wanda ya hau mita biyar ko shida, warinsa yakan bi ta samanta, ga shi yana hango abin da ciyawa da ƙananan itatuwa za su ɓoye wa na ƙasa, ita kuma idonta ya fi sabawa da neman abokin gaba a daidai tsayinta. Ga mai kwari da baka abin ya zama kusan dole, domin sai dabbar ta matso mita ashirin ko talatin kafin ya saki kibiya. Lokacin farauta da baka a Ohio kuwa yana farawa ne daga ƙarshen Satumba har farkon Fabrairu, alhali babban lokacin bindiga kwana bakwai ne, daga Litinin ɗin da ke biye da bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Wata huɗu da ɗoriya ana hawa ana sauka.

Abin ban mamakin shi ne hawan ma ya taimaka wajen rage haɗarin bindiga. Wanda ya harba daga sama, harsashinsa ƙasa yake nufa, in ya kuskure dabbar ya nutse a turɓaya maimakon ya ratsa daji ya sami wani. Tun 1949 da jihar New York ta wajabta wa sababbin maharba darasin kiyaye haɗari, sauran jihohi suka bi sahu, aka ƙara da dokar sa riga mai launin ruwan lemo mai ƙyalli a lokacin bindiga don kada a ɗauki mutum dabba. Wannan yaƙin an ci nasararsa sosai. Ido na kan bindiga, ba a lura ba haɗarin ya canza mazauni.

Dandamalin iri uku ne a kasuwa. Akwai mai tsani, wanda ake jinginawa da bishiya, kujera a can ƙolinsa. Akwai na ratayawa, ɗan faranti na ƙarfe mai faɗin kamar rabin mita da wurin zama, ana ɗaure shi da maɗauri ko sarƙa, a hau ta matakalar da aka ɗaɗɗaura a jikin itacen. Sai mai hawa da kansa, wanda kashi biyu ne, na zama da na tsayawa: maharbi ya ɗaga na sama ya dogara a kansa, ya jawo na ƙasa da ƙafafu, haka har ya kai inda yake so. Nauyin mutum ne ke sa haƙoransa su ciji ɓawon bishiya. In nauyin ya goce, ko ɓawon ya jiƙe ya yi santsi, cizon ya saki. In kuma ba a haɗa kashi biyun da igiya ba, na ƙasan yana iya zamewa ya tafi abinsa, ya bar mutum yana reto.

Daƙiƙa ɗaya da ɗan kai

Faɗowa daga mita shida ba ta kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, kuma mutum yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 39 a awa. Babu lokacin kama reshe, babu na gyara jiki. Wanda ya dira da ƙafa, ƙashin dunduniya da na idon sawu ne ke fara karɓar bugun, ragowar ƙarfin ya bi ƙafa ya hau zuwa tsakiyar gadon baya, inda gaɓoɓin ƙashi ke murƙushewa. Wanda ya juya a iska ya dira da kafaɗa ko da kai, wuya ne ke karyewa. Shi ya sa ƙashin baya da ƙafa suka yi rinjaye a takardun Columbus.

Sai a haɗa wannan da yanayin da ake hawan. Tsakiyar kakar farauta ita ce Nuwamba, lokacin da mazajen barewa ke yawon neman mata suna rage tsoro. Safiyar Nuwamba a Ohio raɓa kan daskare a kan ƙarfe. Maharbi ya tashi tun ƙarfe huɗu, ya isa gindin bishiya cikin duhu da fitila a goshi, ga tufafi masu kauri, ga manyan takalma da laka ta manne wa. Ya hau, ya zauna awa huɗu ko biyar ba motsi, domin motsi ne ke korar dabba. Yatsu su sandare, ƙafa ta yi nauyi, gyangyaɗi ya zo. In kuma ya yi sa'a ya harba, jikinsa na rawa don murna, hankalinsa ya riga shi sauka. Hukumomin kula da namun daji na jihohi da dama sun daɗe suna nanata cewa mafi yawan faɗowa ba a zaune take faruwa ba. Tana faruwa ne wajen hawa, wajen sauka, da kuma taku ɗayan nan na tsallakawa daga matakala zuwa kan dandamali ko akasin haka.

Kayan su ma suna da nasu laifin. Maɗaurin da aka bari a bishiya tun bara ya sha rana da ruwa da ƙanƙara, zarensa ya ruɓe daga ciki ko da ido bai gani ba. Kurege na gaigayarsa. Bishiya kuma tana ƙara kauri kowace shekara, tana ta miƙe maɗaurin har ya kai gargara. Dandamalin katako da mutum ya buga da ƙusa da kansa ya fi kowanne muni, domin iska na kaɗa bishiyar tana sassauta ƙusoshin.

Daga bel zuwa ɗamara

Shekarun nan goma da aka yi nazari a kansu sun faɗo daidai lokacin da kayan kariyar ke canzawa. Abin da aka sani a da shi ne bel guda a ƙugu ko a ƙirji, da igiya zuwa bishiya. Yana hana mutum kaiwa ƙasa, amma yadda yake hanawar ita ce matsalar. Duk ƙarfin fizgar yana tattaruwa a ciki ko haƙarƙari. Mutum na iya kifewa kai ƙasa, ko ya zame ya fita daga ciki gaba ɗaya, ko bel ɗin ya haura ya matse ƙirji har numfashi ya gagara. An sami maharba a mace a rataye da abin da suka sa don ya cece su.

A wuraren gini an riga an yanke hukunci. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta hana amfani da bel ɗin ƙugu a matsayin abin tare faɗowa daga 1 ga Janairu 1998, kuma dokarta ta ce magini da ya kai tsayin ƙafa shida, wato mita 1.8, dole a ba shi kariya. Maharbi yana hawa ninki uku na wannan, shi kaɗai, cikin duhu, ba shugaban aiki a kansa. A 2002 aka kai koke gaban hukumar kula da ingancin kayan masarufi, CPSC, ana neman a haramta bel ɗin ƙugu a kayan farauta. Masana'antar ce ta riga hukuma motsawa: daga 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera dandamalin bishiya, TMA, suka fara sa ɗamara mai kama jiki duka a cikin kwalin kowane dandamali da suka sayar.

Wannan ɗamarar tana zagaye cinyoyi biyu, ta bi kafaɗu, ta haɗe a ƙirji, igiyarta kuma tana fitowa ne daga tsakanin kafaɗu ta baya. In mutum ya faɗo, cinyoyi da ƙugu ne ke ɗaukar nauyin, ya tsaya kai sama. Igiyar tana da ɗinki da aka yi don ya farke kaɗan kaɗan ya shanye fizgar, shi ya sa ɗamarar da ta taɓa tare mutum sau ɗaya ta gama aikinta, sai a jefar.

To amma sa abu a kwali daban, sa shi a jiki daban. Ɗamarar da ake bayarwa kyauta tarin maɗaurai ce da ke cukurkuɗewa, warware ta da asuba da sandararrun yatsu aiki ne. Da yawa suka bar ta a mota ko a ƙasan jaka. Wasu kamfanoni suka gane haka suka ɗinke ta cikin 'yar shara mai aljihuna, a zura kamar riga a danna maɓallai. A ganina wannan ɗinkin ya ceci rayuka fiye da wa'azi da yawa, domin ya cire wa mutum uzurin da ya fi saurin zuwa baki. Uzurin da ya rage shi ne na wanda ya shekara talatin yana hawa bai taɓa faɗowa ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma shekarun da suka ba shi wannan gadarar su ne suka rage masa ƙarfin hannu da saurin tare jiki.

Giɓin da ɗamara ta bari

Nan ne tsakiyar lamarin. A ce maharbi ya sa ɗamararsa daidai tun daga mota. Ya hau matakala, ya tsallaka kan dandamali, ya juya ya zagaya maɗauri a jikin bishiya, ya maƙala ƙugiya. Daga wannan lokacin yana cikin kariya. Da zai sauka, ya cire ƙugiyar tukuna. Ke nan awannin da yake zaune lafiya lau su ne yake ɗaure, mintunan da aka fi faɗowa a cikinsu kuma yana sake. In aka tambaye shi zai ce yana sa ɗamara, kuma gaskiya ya faɗa. Igiyar ce ke lilo a bayansa ba ta kama komai ba.

Abu biyu aka fito da su don toshe wannan giɓi. Na farko maɗauri ne da ke zagaye bishiya ya kama ɗamarar ta gefen ƙugu biyu, irin wanda ma'aikatan wutar lantarki ke jingina da shi a kan falwaya. Yana sakar wa mutum hannu biyu ya yi aiki, don haka shi ake amfani da shi ranar da ake ɗaura matakala da dandamali karon farko. Aibinsa shi ne duk inda aka ci karo da reshe sai an kwance an tsallake, sai fa in mutum na da guda biyu yana maƙala ɗaya kafin ya cire ɗaya.

Na biyu shi ne igiyar tsira, doguwar igiya ta kimanin mita tara da ake ɗaurewa a sama da dandamali, ta sauko har gindin bishiya a ɗaure ta a nan ma. A jikinta akwai wani ƙulli da ya samo suna daga Karl Prusik, ɗan ƙasar Ostiriya mai hawan duwatsu, wanda ya fito da shi a 1931. Siririyar igiya ce ake naɗawa a jikin mai kaurin. In ka tura ƙullin da hannu sai ya zame sama ko ƙasa, in nauyi ya fizge shi sai ya shaƙe igiyar ya tsaya cak. Maharbi ya maƙala ƙugiyarsa a ƙullin tun ƙafarsa na ƙasa, yana hawa yana tura shi sama da kansa, ba zai cire ba sai ya dawo ƙasa. Kuskuren da ake yi da shi ɗaya ne: wanda ya firgita ya damƙi ƙullin da hannu yayin da yake faɗowa, ya hana shi shaƙewa, sai su zame tare.

Ragowar ƙa'idojin gajeru ne. Hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a kan matakala kowane lokaci. Bindiga ko baka ba a hawa da su a hannu ko a kafaɗa, ana jawo su da wata igiya bayan an zauna, bindigar ba harsashi, bakinta na kallon ƙasa. Matakala ta wuce tsayin dandamali, yadda mutum zai tako ƙasa zuwa kansa maimakon ya yi ta kokawar ɗaga jiki.

An gudu ba a tsira ba

Ɗamara ta tare mutum, bai kai ƙasa ba. Saura me? In ya ɗaure igiyarsa a sama da kansa, yadda ba ta da sako-sako idan yana zaune, faɗowar gajeriya ce, dandamali na daidai hannunsa, zai iya komawa. In kuwa ya ɗaure ta ƙasa ƙasa don ya ji daɗin juyawa, zai wuce dandamalin ya rataya a ƙarƙashinsa, inda ba matakala ba reshe.

Ratayar nan kanta tana kisa. Jinin da ya sauka ƙafa, tsokar sha-raɓa ce ke matso shi ya koma zuciya duk lokacin da mutum ya taka ko ya motsa. Ƙafar da ke lilo ba ta taka komai, ga maɗaurai sun matse cinya, sai jini ya taru a ƙasa, abin da ke isa zuciya da ƙwaƙwalwa ya ragu, jiri ya zo, mutum ya suma. Mai suma a ƙasa yakan zube ya kwanta, jini ya koma kai, ya farfaɗo. Wanda ke cikin ɗamara ba shi da wannan gatan, a tsaye take riƙe da shi. A wata sanarwa ta 2004, OSHA ta yi gargaɗin cewa irin wannan rataya na iya kai mutum ga suma sannan mutuwa cikin ƙasa da minti 30. Magini yana da abokan aiki da za su sauko da shi. Maharbi yana iya kasancewa kilomita biyu daga hanya, kuma ba wanda zai neme shi sai dare ya yi bai dawo ba.

Don haka ake haɗa ɗamara da wani ɗan maɗauri da ake saƙalawa a gefenta ya zama wurin taka ƙafa. Mutum ya miƙe a kansa, nauyi ya bar cinya, tsoka ta yi aiki. In babu shi, sai a yi ta tokarar bishiya da ƙafa, ana naɗewa ana miƙewa. Sai dai wannan maɗaurin, da waya, da usur, amfaninsu yana ga inda aka ajiye su. A aljihun ƙirji suna da rana. A jakar da aka rataye a reshe sama da dandamali, da su da babu duk ɗaya. Yanke igiya da wuƙa kuwa, in ba mutum ya riga ya kama matakala da kyau ba, ƙarasa faɗowar ce kawai.

Abin da lissafin ya ɗauka da abin da doka ta iya

Mutum 130 na Columbus waɗanda suka isa babban asibiti da rai ne. Wanda ya cika a gindin bishiya ba ya ciki, haka wanda aka ɗaure wa karaya a ƙaramin asibiti ya koma gida. Lissafin ya nuna nauyin raunuka da kuma wanda ya fi yawa tsakanin bishiya da bindiga, bai auna yawan faɗowa a cikin dukan maharba ba. Wannan ma'aunin ya fito ne daga jihar Pennsylvania, maƙwabciyar Ohio, inda aka bi bayanan asibitocin jihar daga 1987 zuwa 2006 aka sami mutum 499 da suka ji rauni ta wannan hanya, bakwai suka rasu. A farkon shekarun bai kai mutum ɗaya cikin maharba 100,000 ba, a ƙarshensu ya kai bakwai.

Jihohi irin su Alabama da Mississippi sun wajabta ɗamara mai kama jiki duka a gandayen farauta na gwamnati. Wata gidauniya mai wayar da kai kan haɗarin dandamalin bishiya, mai suna TSSA, tana gangami kowane watan Satumba, kafin a buɗe kakar farauta, kuma saƙonta bai wuce abu huɗu ba: a sauke kaya a duba su, a ɗaura ɗamara, a maƙala da bishiya kafin ƙafa ta bar ƙasa, a gaya wa wani takamaiman inda za a zauna. Doka irin ta Alabama, ko da an kawo ta Ohio, ɗan yanki za ta taɓa, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar jihar mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, kuma a nan ake kashe mafi yawan barewa. Jami'in daji ba zai bi gonar kowa da asuba yana haska fitila sama ya ga ko an maƙala ƙugiya ba.

Abin da ke isa waɗannan gonaki shi ne abin da ya zo a cikin kwali. Ɗamara tana zuwa tare da dandamali tun 2004. Igiyar tsira kuwa galibi daban ake sayenta, kuma tunda a bishiya take kwana, kowace bishiya sai da tata. Maharbin da ya kafa dandamali biyar a gonarsa don ya riƙa bin inda iska ta juya, igiya biyar zai saya, ya kuma sauke su ya duba su duk ƙarshen kaka.